Darasi: Sharuɗɗan Gudanarwa da na Rabuwa a Yarjejeniyar Haɗin Gwiwa

Masu sauraro, assalamu alaikum. Darasinmu na yau ya shafi kamfanoni biyu da suka haɗa jari, misali kamfanin casar shinkafa a Kano da wanda ke sayo masa shanshera daga Kura, suka buɗe kamfani na uku, suka yi masa rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista.

Abin da ya kamata a fara rubutawa shi ne wanda ke da ikon yanke hukunci. A Dokar Kamfanoni ta 2020, ƙuduri na yau da kullum yana wucewa da rinjaye kawai, amma ƙuduri na musamman, kamar sauya sunan kamfani ko gyara ƙa'idojinsa, sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. Saboda haka mai kashi 30 cikin 100 na hannun jari zai iya hana gyaran ƙa'idoji, amma ba zai iya hana cin bashin banki ba, sai in tun farko an sa cin bashi cikin al'amuran da ba a zartarwa sai da amincewar ɓangarorin biyu.

Rabon hamsin da hamsin, wanda 'yan kasuwa ke ɗauka shi ne adalci, ya fi kowanne haɗari, domin ranar da aka saɓa babu mai rinjaye, aiki kuma ya tsaya cik, buhuna suna jibge a sito. Don haka a rubuta cewa shugabannin kamfanonin za su zauna cikin ƙayyadadden wa'adi, in abin ya gagara a tafi wurin mai sasanci, kamar yadda dokar sasanci ta 2023 ta ba da dama. Wasu lauyoyi kan ƙara da sharaɗin cewa ɗaya ya faɗi farashin hannun jari, ɗayan ya zaɓi saye ko sayarwa a kan wannan farashi. Ni dai ba na ba ƙaramin kamfani shawarar yarda da shi, domin mai kuɗi a hannu ne ke cin moriyarsa.

Game da fita kuwa, dokar 2020 ta ba kamfani damar rubutawa a ƙa'idojinsa cewa a fara yi wa abokan tarayya tayin hannun jari kafin a sayar wa bare. A kan farashi rigima takan ɓarke, saboda haka a bayyana yadda za a zaɓi akanta mai zaman kansa da zai kimanta injina, kayan sito da basussuka, a kuma faɗi ko a dunƙule za a biya mai fita ko kashi-kashi, da ranar biya ta ƙarshe.