Idan Makami Mai Sarrafa Kansa Ya Kashe Farar Hula, Wa Za A Gurfanar?

Ga jirgi marar matuƙi yana shawagi, babu mai riƙe da linzaminsa. An yanka masa yanki, an koya masa kamannin motar yaƙi, aka sake shi. Ya hango wata babbar mota, ya faɗa mata. Ashe mata da yara ne a ciki, 'yan gudun hijira. To, wa za a kama?

Misali ne muka kawo, amma makaman suna nan. A 2021, ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya kan Libiya sun ce jirage irin su Kargu-2, ƙirar Turkiyya, sun farauci mayaƙan Khalifa Haftar, madugun yaƙin gabashin Libiya, a 2020, kuma an tsara su ne su kai hari ba sai sun ji daga kowa ba.

Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague mutane kawai take yi wa shari'a. Sashe na 30 na Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun, ya ce sai an tabbatar da niyya da sani. Na'ura kuwa ba ta da niyya, ba ta zaman kurkuku.

Sai a waiwayi kwamanda. Sashe na 28 ya ɗora masa laifin yaransa idan ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba. A kan irin wannan aka rataye Janar Yamashita na Japan a 1946. Amma yaran da dokar ke nufi sojoji ne masu jini a jika. Shi kuma injiniyan da ya rubuta manhajar, shekaru da suka wuce, a wata ƙasa daban, cewa zai yi bai san ma za a yi wannan yaƙin ba.

Kada a ɗauka an ci bulus. Ƙarin da aka yi wa yarjejeniyoyin Jeniba a 1977 ya haramta harin kan mai uwa da wabi. Kwamandan da ya saki irin wannan makami a unguwa cike da jama'a, yana sane ba ya bambance soja da farar hula, ba shi da mafaka. Inda gizo ke saƙar shi ne makamin da ya ci gwaji, sannan ya kauce a fagen daga. Wannan ya fi kama da sakaci, sakaci kuwa da wuya ya kai matsayin laifin yaƙi. Hujjar ma, wato bayanan da na'urar ta adana, tana hannun rundunar da ake zargi.

A Disambar 2023, ƙasashe 152 sun amince da ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar kan waɗannan makamai. António Guterres, a matsayinsa na Babban Sakataren Majalisar, da ƙungiyar Red Cross sun nemi a kammala yarjejeniya zuwa 2026. Sai dai a zaman tattaunawar ƙasashe kan makaman a Jeniba, wanda aka fara tun 2014, sai kowa ya yarda ake yanke shawara, don haka ƙasa ɗaya ta isa ta hana ruwa gudu.