Kafin ka kai aiki maɗaba'a: matsalolin InDesign da ke ɓoye a bayan allo

Assalamu alaikum. Kalli shafin nan na InDesign, manhajar tsara shafukan bugu, da ke kan allo. Rubutu ya zauna, hoto ya fito, babu abin da ido zai ce a gyara. Amma duba can ƙasa ta hagu, akwai ɗan jan ɗigo da lamba a gefensa. Wannan shi ne Preflight, kuma cewa yake akwai kurakurai a fayil ɗin. Allo yana nuna maka kamannin aiki ne kawai, injin bugu kuwa abin da ke cikin fayil yake karantawa. Danna ɗigon sau biyu, jerin kurakuran zai buɗe, kowane da lambar shafinsa.

Na farko, rubutun da ya ɓace. Ka zuba rubutu a akwati, ƙarshensa bai fito ba. A kusurwar akwatin ta ƙasa, hannun dama, za ka ga jar alamar tarawa. Ma'anarta rubutu ya fi ƙarfin akwatin, sauran yana nan a ɓoye. Danna Ctrl da Y, tagar Story Editor za ta buɗe, duk abin da ya yi saura za ka gan shi da jan layi a gefe, ka san ko kalma uku ce ko sakin layi goma. In kaɗan ne, ja akwatin ƙasa. In da yawa ne, danna jar alamar, ka je shafi na gaba ka danna, rubutun zai ci gaba a can.

Akwai kuma lokacin da akwatin ke da fili fal, amma rubutun ya ƙi fitowa. Kibod yana da Enter biyu. Na tsakiya yana buɗe sabon sakin layi. Na gefen lambobi, a InDesign, umarni ne cewa a tsallaka zuwa ginshiƙi na gaba, in kuma babu na gaba sai rubutun ya shige duhu. Danna Ctrl, Alt da I don ɓoyayyun alamomi su bayyana, za ka ga 'yar shuɗiyar alama kamar kan kibiya a ƙarshen layin, goge ta. In ba ita ba ce, duba ko an sa wa dogon rubutu No Break, wanda ke hana layi karyewa, ko kuma wani hoto a kusa yana da Text Wrap yana ture rubutun. Maganin wannan na ƙarshen, zaɓi akwatin rubutun, Ctrl da B, ka sa alama a Ignore Text Wrap.

Yanzu ga wadda ta fi damun mai aikin Hausa, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ ga masu bin ƙa'idar rubutun Nijar. Marubuci ya turo aiki a Word, komai lafiya. Ka zuba a InDesign, sai ka ga duk inda ƙ take ya zama ɗan akwati mai ruwan hoda. Ba fayil ɗin ne ya lalace ba. Font ɗin da ka zaɓa ne ba shi da harafin. Word yana rufa asiri, in bai sami ƙ a font ɗinka ba sai ya aro daga wani font a ɓoye, shi ya sa wani lokaci kake ganin ƙ ta fi sauran haruffa kauri ko tsawo a tsakiyar kalma. InDesign ba ya yi maka wannan aron a rubutun da ka zuba. Saboda haka kafin ka fara kowane aiki, rubuta ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ a font ɗin, ka gwada su a na kullum, da mai kauri, da na karkace. Sau da yawa ana samun ƙananan, a rasa manyan, sai kan labari ya fito da rami. Charis SIL, Gentium, Andika, Noto Serif da Noto Sans duk suna da su, kuma kyauta ne.

Ga wata kuma: ka buɗe tsohon rubutu ka ga "}asa" a maimakon ƙasa, "]aya" a maimakon ɗaya, "~arawo" a maimakon ɓarawo. Wannan aikin tsofaffin font na Hausa ne irin su Rabi'at, waɗanda aka yi tun kafin Unicode ya yaɗu. Dabarar da aka yi a lokacin ita ce a zana harafin Hausa a gurbin alamar baka, don haka a ido ƙ ce, a cikin fayil kuwa baka ce. Kada ka tsaya neman tsohon font ɗin, domin matsalar za ta sake dawowa ranar da aka kwafi rubutun zuwa intanet. Buɗe Find/Change da Ctrl da F, ka tsaya a ɓangaren Text, ka musanya kowace alama da harafinta na gaskiya. In kibod ɗinka ba ya rubuta su, InDesign yana karɓar lambar Unicode a tsakanin alamun < da >: 0199 ita ce ƙ, 0257 ita ce ɗ, 0253 ita ce ɓ. Manyan kuma 0198, 018A da 0181. Amma fa duba tukuna ko akwai inda marubucin ya yi amfani da baka ta gaskiya, kada ka danna Change All ka mayar da ita harafi.

Sauran abu biyu ƙanana a wannan babin. InDesign ba ya zuwa da ƙamus na Hausa, don haka in an bar harshen rubutun a Turanci, zai riƙa karya kalmomi a ƙarshen layi bisa gaɓoɓin Turanci, har ya raba t da s a "tsatsa". Cire alamar Hyphenate a cikin Paragraph Style, ko ka mayar da harshen No Language. Sai alamar ɗauri a farkon kalma, kamar 'yan da 'ya'ya. Manhajar tana ɗauka zance za ka buɗe, sai ta juya alamar baibai, ta zama kamar 6 maimakon 9. Alt, Shift da maɓallin baka mai rufewa suna ba ka wadda ta dace.

In kuma layi gaba ɗaya ne ya yi ruwan hoda, ba harafi ɗaya ba, to font ɗin ne baki ɗaya babu a wannan kwamfutar. Shiga Type, Find/Replace Font, za ka ga sunansa da alamar gargaɗi. Ko ka sa shi, ko ka musanya. In ka musanya, sake bin shafukan, domin faɗin haruffa ya bambanta, layuka za su motsa.

Mu koma hotuna. InDesign ba ya haɗiye hoton da ka sa, yana riƙe adireshinsa ne da ƙaramin samfuri don nunawa. Buɗe Links da Ctrl, Shift da D. Jar alamar tambaya na nufin hoton ya bar inda yake, ko an sauya masa suna, ko an zare filashin da yake ciki. Yi Relink ka nuna masa sabon wurin. Alwatika mai ruwan ɗorawa na nufin an gyara hoton a waje, danna ta sau biyu ya sabunta. In ka fitar da PDF da jar alamar nan, samfurin nan mai dishi-dishi ne zai tafi maɗaba'a.

Hoto ya yi dishi-dishi a allo ba lallai ne yana da matsala ba. Danna Ctrl, Alt da H ka gan shi a cikakken kyansa. Abin da ke yanke hukunci yana ƙasan Links, inda aka rubuta Actual PPI da Effective PPI, PPI kuwa yawan fiksel ne a kowane inci. Na biyun ne abin dubawa, domin shi ne ƙarfin hoton bayan ka ja shi zuwa girman da yake a shafi. Mujalla da littafi suna son 300. Lissafin ba wuya: hoto mai faɗin fiksel 1200, raba da 300, inci 4 ke nan, kusan santimita 10. Ka ja shi ya kai santimita 20, ya koma 150. Cikakken shafin A4 yana buƙatar fiksel 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Shi ya sa hoton da mai aiki ya turo ta WhatsApp ba ya cika bangon littafi, manhajar tana matse shi. Ce masa ya sake turowa a matsayin Document, daga wayar da ta ɗauka. Rubuta 300 a Photoshop a kan hoton da an riga an matse ba ya dawo da abin da ya tafi.

Sai launi, musamman baƙi. Injin bugu yana aiki da tawada huɗu, C, M, Y da K (K ita ce baƙa), kowace da farantinta. Ƙaramin rubutu ya zama K 100 kaɗai. In baƙin ya zo daga RGB, wato tsarin launin allo, kamar yadda yakan faru da rubutun da aka kwaso daga wata manhaja, zai rabu a faranti huɗun, kuma da takarda ta goce ko da kaurin gashi, sai haruffa su fito da inuwar ja ko shuɗi a gefe. A Swatches, wato jerin launuka, akwai wani mai suna Registration, wanda a allo ba ka bambanta shi da baƙi. Kada ka taɓa shi. Ɗari bisa ɗari ne na kowace tawada, jimilla 400, takarda za ta jiƙe, ta ƙi bushewa, ta shafa wa ta samanta. Don babban fili mai son baƙi wuluk, yi naka: C 60, M 40, Y 40, K 100, jimilla 240. Don tabbatarwa, Window, Output, Separations Preview, ka kashe K. Duk rubutun da ya rage a shafi, ba baƙi zalla ba ne.

Farin layi a bakin kati ko bango bayan an yanka, wannan rashin bleed ne, wato rarar da ake bari don wuƙa. Injin yanka yana sare takardu da yawa lokaci guda, ba ya faɗa wa layi daidai wa daida. A Document Setup sa milimita 3 kowane gefe, A4 mai 210 da 297 ya zama 216 da 303. Sa lambar kaɗai bai isa ba, sai ka ja hoto ko launin bayan ya kai jan layin waje. Rubutu kuma ka janye shi ciki aƙalla milimita 5 daga baki. Wajen fitar da PDF, a Marks and Bleeds, sa alama a Use Document Bleed Settings, in ba haka ba duk wahalar ta tafi a banza. Littafin da za a ɗinke da waya a tsakiya kuma, yawan shafukansa ya rabu da 4, domin kowace takarda da aka ninka shafi huɗu ce.

Abin da ya ƙi zaɓuwa a shafi, kamar lambar shafi, daga Parent Page yake, wato shafin da sauran shafuka ke gado daga gare shi, wanda kafin InDesign 2022 ake kira Master. Riƙe Ctrl da Shift ka danna shi.

In fayil ya fara nauyi ko yana rufe kansa, yi Save As da sabon suna, wannan kaɗai yana zubar da tarkacen da Save ke tarawa. Bai yi ba, adana shi a matsayin IDML, ka buɗe IDML ɗin, manhajar za ta sake gina aikin daga tushe. Da IDML ɗin ne kuma mai tsohon InDesign zai iya buɗe aikinka. In kowane fayil ne ke yin haka, to saitin manhajar ne: rufe ta, ka buɗe kana riƙe da Ctrl, Alt da Shift, ta tambaye ka ko ta goge saitin, ka amsa. Naka saitin ma zai tafi, sai ka sake.

Wajen miƙa aiki, masu CorelDRAW sun saba da Ctrl da Q, a mayar da rubutu zane don kada font ya sauya. A InDesign wannan ɗabi'ar tana ɓarna, domin Create Outlines yana zubar da layin ƙarƙashin rubutu da lambobin jeri na atomatik, kuma ba a sake gyara ko harafi ɗaya. PDF/X-1a ko PDF/X-4 suna tafiya da font a cikinsu, tambayi mai bugu wanne yake so. In fayil ɗin InDesign kansa suke buƙata, yi File, Package, ya tattara maka fayil, foldar Links da foldar Document fonts a wuri ɗaya. Foldar gaba ɗaya za ka kwafa a filashi, bayan ɗigon nan na ƙasa ya koma kore.