Ka Bar Google Ka Koma DuckDuckGo, Shin Oga Ya Daina Gani?

Assalamu alaikum jama'a. Wani saƙo na ta yawo a WhatsApp, daga Agege har Obalende: wai idan zaman ofis ya gundure ka, ka sauya Google da DuckDuckGo, sai ka sha yawonka a intanet ba wanda zai sani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda ya haɗiye shi duka zai iya karɓar takardar gargaɗi.

[Allon kwamfuta, alamomin manhajoji a jere]

A gurguje. Chrome, Edge, Opera da Safari su ne burauza, manhajar da kake buɗewa. Google, Bing da DuckDuckGo su ne injin bincike, wanda kake yi wa tambaya. Kuma yawancinmu ba mu zaɓi Google ba, a ciki muka tarar da shi. A 2022 kaɗai kamfanin ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama na farko a Safari, burauzar Apple, sannan a 2024 wata kotu a Amurka ta ce ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba.

To, ga inda ake tuntuɓe. Ku natsu.

[Danfo a tashar Oshodi]

Burauza ita ce danfo, motar hayar nan ta Legas, injin bincike shi ne kwandastan da kake tambaya hanya. Ka canza kwandasta, ka samu wanda ba ya riƙe fuskar fasinja. Madalla. Amma titin fa? Wi-Fi ɗin ofis ne, kuma mai titi yana zaune a bakin get.

DuckDuckGo, wanda aka kafa a 2008, ya ce ba ya ajiye tarihin bincikenka. Iyakarsa ke nan. Kalmomin da ka rubuta a rufe suke tafiya, don haka mai kula da intanet na ofis ba zai karanta su kai tsaye ba. Amma da zarar ka danna sakamako, zai iya ganin sunan shafin da ka shiga, da lokacin, da yawan datar da ka sha. Shafin ƙwallo ne, shafin neman sabon aiki ne, duk suna fitowa. Idan kuma kwamfutar ta kamfani ce, to magana ta ƙare, domin suna iya saka manhajar da ke ganin allon gaba ɗaya.

Na san wani zai ce, Incognito fa, wato tagar sirri ta Chrome? Malam, karanta baƙin shafin nan da kake wucewa da sauri. Chrome da kansa ya rubuta cewa wurin aikinka ko makarantarka na iya ganin abin da kake yi. Abin da kawai yake yi shi ne ba ya ajiye tarihin yawonka a cikin na'urar.

[Hannu yana danna saiti]

Sauya injin bincike a Chrome ba wuya: ɗigo uku a sama, Settings, Search engine, ka zaɓa. A ganina, idan shago kake nema a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Ikeja, ko labari da Hausa, Google ya fi kawo abin kirki. DuckDuckGo daga Bing yake ɗebo mafi yawan sakamakonsa, ya fi dacewa da tambayar da ba ka so talla ta riƙa bin ka a kanta.

Gundura kuwa, kowa na yi, har ogan. Ka koyi dabara ɗaya a Excel, ko ka gyara maƙala a Wikipedia ta Hausa. Ranar da sabis ya ɗauke, ga ɗan dabban nan na Chrome mai tsallake ƙaya, danna dogon maɓalli ya fara gudu. Sauran sha'anin ka yi shi a wayarka da datarka. Sai dai ka leƙa saman allon tukuna, don waya kan haɗa kanta da Wi-Fi ɗin ofis tun kana hawa bene.