Zazzaɓin da Ke Tasowa Daga Zuciya

Tambayar da ke ta yawo kwanan nan ita ce, wai ciwon zuciya na kawo zazzaɓi? Ƙwarai kuwa. Kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya na kawo shi, kumburin tsokarta ma haka. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 kuma, ciwon maƙogwaron da aka yi sakaci da shi kan juyo bayan mako 2 zuwa 3 da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ya bar tabo a ƙofofin zuciya.

To mu tsaya kan tabon nan.

Ƙofofin nan guda huɗu ne a zuciya, suna buɗewa suna rufewa don jini ya wuce. Wadda tabon ya kama sai ta yi kaushi. Ƙwayoyin bakteriya da suka faɗa cikin jini, daga ruɓaɓɓen haƙori ko miki ko allura marar tsabta, nan suke samun wurin maƙalewa. Sai jini ya daskare a kansu ya zama dunƙule, su yi gida a ciki. Wanda aka sa wa ƙofar roba ko ta ƙarfe a tiyata ma yana cikin wannan haɗari. Likitoci na kiran cutar endokaditis.

Zazzaɓinta ba lallai ya yi tsanani ba. Ya zo yau, ya lafa gobe, ga zufar dare, ga kasala, ga rama, har tsawon makonni.

Inda ake kuskure ke nan, kuma abin na damuna matuƙa. Mutum ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sha kwana uku, jiki ya yi sanyi, ya ce ai ya warke. Waɗanda ke yawo a jini kawai maganin ya rage. Na cikin dunƙulen nan suna nan daram. Ranar da ya je asibiti kuma, a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji, ƙwayar ta ƙi tsirowa, likita ya rasa wacce yake yaƙa. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a ɗebi jini sau 3 kafin a fara magani, a kuma yi hoton zuciya. Maganin ta jijiya ake ba da shi, galibi mako 4 zuwa 6, wasu sai an yi musu tiyata. In aka yi jinkiri, dunƙulen kan ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Don Allah, in an taɓa gaya muku kuna da matsalar ƙofar zuciya kuma zazzaɓi ya ƙi tafiya, ku fara da asibiti. In kun riga kun sha wani magani, ku tafi da kwalinsa, ku faɗa wa likita ranar da kuka sha na ƙarshe.