Taga, Waya da Fuskar Mai Karatu: Ɗaukar Hoton Mutum a Laburare

Assalamu alaikum masu kallo. Yau muna Jos, cikin wani ɗakin karatu, da misalin ƙarfe tara na safe. Hunturu ya kankama, kowa ya sha rigar sanyi.

Ku leƙa shafin Facebook na laburaren da kuka sani. Galibi abin da za ku tarar shi ne kantoci cike da littattafai, da kujeru ba kowa a kai, sai hoton manyan baƙi sun jeru ranar taro, rabinsu ido a rufe. Yatsa ba ya tsayawa kan irin wannan. Fuskar mutum ce ke tsayar da shi, musamman idan mai kallo ya ce, kai, ai wannan dattijon unguwarmu ne.

To ga dattijon nan da jaridarsa. Kafin komai na gaishe shi, na nemi izini, ya amince. Ga hoto na farko: taga tana bayansa. Wayar ta auna hasken tagar, sai ta dusashe komai, fuskar Baba ta zama inuwa, hularsa kawai ake gani. Laifin ba na waya ba ne, wurin tsayuwata ne.

“Baba, don Allah a ɗan karkato kujerar wajen taga.”

Yanzu hasken yana shigo masa ta gefe, a kusurwar kusan digiri 45. Kunci ɗaya ya yi haske, ɗayan da ’yar inuwa mai laushi, furfurar gemun ta fito tsaf. Ku duba ƙwayar idonsa, akwai ɗan ɗigon haske a ciki. Wannan ɗigon shi ke sa hoto ya yi rai, in babu shi ido sai ya yi kamar na mai jin barci. Idan inuwar ta yi yawa, a samu farin kwali ko farar takarda babba a riƙe ta ɗaya gefen, za ta mayar masa da haske. A kashe dogon ƙwan lantarkin da ke sama, domin yana sa fata ta yi wani kore-kore, yana kuma tara duhu a ƙarƙashin ido. Fitilar waya kuwa, a manta da ita. Hazon da muke ƙorafi a kansa ma a nan alheri ne, yana tace rana ta sauko a tausashe.

Akwai matsalar da ta shafe mu mu baƙar fata. Farar shadda da baƙar fuska a hoto ɗaya suna rikita waya, sai ta bi shaddar ta bar mutumin. Ku danna yatsa a kan fuskar, ku ɗan ja alamar rana da ke fitowa a allon wayar sama har fatar ta fito da launinta na gaskiya. A tsaya nan. Masu ja har mutum ya koma kamar ya sha man bilicin, ni dai ban ga kyan abin ba.

Sai tazara. Babban idon kyamarar waya mai faɗi ne, wajen milimita 24 zuwa 26 a ma’aunin masu hoto, shi ya sa in ka matsa kusa hanci yake kumbura, kunnuwa su noƙe. Masu sana’ar sun fi son milimita 50 ko 85 a hoton fuska. Ja da baya taku biyu, ka danna 2x mai matso da hoto kusa, ka sauko daidai tsayin idonsa. In yaro ne, durƙusa. Wanda ake ɗauka ma a janye shi daga jikin kantar, littattafan su zama ado daga nesa.

Kada wani ya ce sai da kayan miliyoyi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hotonsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya yi yawancin aikinsa a tsakar gida, kuma zanen gadonsa ya fara ratayawa a bayan masu zuwa. Yau hotunan nan suna manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya.

Me laburare zai yi da hoton? Laburaren jama’a na birnin New York ya yi fice da wani wasa na ranar Juma’a a Instagram: a ɗauko littafi mai hoton fuska a bangonsa, mai karatu ya riƙe shi daidai tasa fuskar, su haɗe kamar mutum ɗaya. Ba ya cin ko sisi, ɗalibai kuma suna son sa. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka kuwa, a 2008 ya zuba tsofaffin hotuna kimanin 3,000 a Flickr, wani shafin hotuna na intanet, jama’a suka riƙa gane wurare da mutanen da ke ciki suna faɗa. Ku yi tunanin Jos ta zamanin haƙar kuza, hotuna nawa ne ke kwance cikin akwati ba suna? A ɗora ɗaya a tambaya wa ya san wannan, jikoki za su amsa.

Hoton yara dai sai da yardar iyaye, dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ma haka ta tanada. Matar da ta ce a’a, a bar ta, ko a roƙi ɗaukar hannunta mai lalle a kan shafi.

In za a tura wa mai kula da shafin ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton, furfurar nan da muka sha wahala a kanta ta narke. Bari in nuna wa Baba nasa.

“Baba, ga shi. A saka, ko a sake wani?”