Abin da ke sa dasashi kumburi da zubar jini

Masu kallonmu barkanmu da warhaka. Yau a kan dasashi za mu tsaya, musamman saboda masu ganin jini a buroshi in suna wanke baki.

Ku dubi samfurin haƙoran nan da ke hannuna. Daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi akwai ɗan siririn rami da ya zagaye shi. A baki mai lafiya zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. To, a nan cutar take farawa. Da safe kafin ka wanke baki, sa farce ka ɗan kankari gindin haƙorinka, za ka ga wani abu fari-fari mai danƙo. Wasu na ɗauka ragowar abinci ne, alhali ƙwayoyin cuta ne suka taru suka manne. In aka bar dauɗar nan, cikin mako biyu zuwa uku dasashi zai yi ja, ya kumbura, ana taɓa shi sai jini.

A nan fa nake so ku natsu. Mutum ya ga jini, sai ya ce buroshi ne ya ji masa ciwo, ya daina goge wurin. Ya daina gogewa, dauɗa ta ƙaru, jinin ma ya ƙaru. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi a hankali. Inda ya yi jinin, nan ne ya fi buƙatar gogewa.

Dauɗar da ta kwana biyu sai ma'adinan da ke cikin yawu su daskarar da ita, ta yi tauri kamar dutse. Ɗauki madubi ka leƙa bayan haƙoranka na gaba, na ƙasan fa, ta wajen harshe. Nan ta fi taruwa, don a ƙarƙashin harshe yawu ke ɓulɓulowa. Wannan kam buroshi ba ya cire ta, sai likitan haƙori ya kankare. In ta gangara ƙarƙashin dasashi, ramin nan sai ya zurfafa ya kai milimita 4, 5 ko fiye, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa. Abin da ke damuna da matakin nan, yawanci ba zafi. Sai dai warin baki, dasashi ya ja da baya, haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, daga baya ya fara girgiɗa. Kumburin farko yana warkewa sarai, amma ƙashin da ya zaizaye ba ya dawowa da kansa.

Akwai masu rura wutar. Ta farko taba sigari: tana tsuke hanyoyin jini, mai shan ta sai ya ga ba jini ya ɗauka lafiya lau, cuta kuwa na cin sa. Sai ciwon sukari da bai daidaitu ba, kuma shi da ciwon dasashi kowanne yana tsananta ɗan'uwansa. Masu juna biyu, dauɗa 'yar kaɗan ma tana kumbura musu dasashi. Wasu magunguna, irin su amlodipine da nifedipine na hawan jini da phenytoin na farfaɗiya, suna sa dasashi ya yi kauri ya hau haƙori. Kada ka daina sha da kanka, ka gaya wa likitanka. Ga bushewar baki, ga ƙarancin bitamin C, ga gado.

Gogewar kuwa, ni buroshi mai laushi na fi so, mai ƙaramin kai. Karkata shi haka, bakin gashin ya kalli dasashi, ka riƙa juyawa a hankali, ban da dirza. Minti 2, safe da dare. Tsakanin haƙora kuma sai zaren sakace sau ɗaya a rana, ka lanƙwasa shi a jikin haƙori ka ɗan shigar da shi ƙarƙashin dasashi. In ka yi mako biyu a haka jini bai tsaya ba, je a auna maka zurfin ramukan a kankare abin da ya daskare.