Unguwa Biyu, Titi Ɗaya Ya Raba Su: Lissafin Da Ake Tsallakewa Kafin A Kama Gida

[Hoto: gefen birni daga sama, unguwa biyu, babban titi ya ratsa tsakaninsu]

Jama'a, gardamar unguwanni ta sake tashi a shafukan sada zumunta. Kun san yadda take farawa. Wani zai sa hoton gidan da ya kama a bayan gari, ɗaki uku da falo, ga tsakar gida na wasan yara, ya ce kuɗin bai kai na ɗaki biyu a unguwar da ke maƙwabtaka da su ba. Kafin ka ce kwabo an rabu gida biyu: masu cewa ya yi dabara, da masu cewa ya sayi wahala da kuɗinsa.

Duk ɓangarorin biyu kuɗin haya suke kallo. Akwai mataki ɗaya da ake tsallakewa, kuma a kansa za mu daɗe yau.

[Hoto: taswira, an ja layi daga kowace unguwa zuwa tsakiyar birni]

Ku dubi layukan nan. Tsawonsu kusan ɗaya ne. Shi ya sa dillali zai kalle ka ya ce, "Ai Alhaji duk wuri ɗaya ne, tsallaka titi kawai za ka yi." Ba ƙarya ya yi ba, a taswira haka abin yake.

To, ga wurin da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin.

[Hoto: layin motoci a mahaɗa, babu mai motsi]

Unguwar farko, mu kira ta ta bakin titi, tana da hanyar fita uku, ga tasha ana zuwa da ƙafa. Ta tsallake kuwa hanya ɗaya ce tal, kuma kowa sai ya bi ta wannan mahaɗar. Duba fuskar direban can, ya kashe mota ya jingina da kujera. Ya san wurin.

Yanzu mu ɗauko biro da takarda. Misali ne zan ba ku, kowa ya sa nasa adadin.

A ce abin da ke shigowa gidan a wata kashi 100 ne, na maigida da na uwargida a haɗe. A bakin titi haya tana cin kashi 30, zirga-zirga tana cin 10, domin motar haya ɗaya ake shiga, yara kuma suna takawa zuwa makaranta. Jimla 40.

A tsallake haya kashi 22 ce kacal. Daɗi ko? Amma sai an shiga abin hawa kafin a kai tasha, safe da yamma. Yara sai an biya musu kuɗin mota. Kasuwa da asibiti duk sai da abin hawa. Bayan wata shida iyali za su ga babu makawa sai an sayi mota, ko a ƙara ta biyu. Mota kuwa ba mai kaɗai take sha ba: ga taya, ga inshora, ga bakanike, ga darajarta da ke raguwa kullum ko da tana ajiye. A ce duk wannan ya ci kashi 24. Haɗa da 22.

[Rubutu a allo: 40 da 46]

Gidan mai araha ya fi tsada da kashi 6. Abin da ya sa ba a lura shi ne, kuɗin haya a dunƙule ake biyansa, yana da zafi, ba a mantawa. Kuɗin hanya kuwa kaɗan-kaɗan yake fita daga aljihu, babu rasit, sai dai ƙarshen wata ka ji ana tambayar ina albashin ya shige.

Wannan lissafi ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ƙa'idar da kuke yawan ji, cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da kake samu, daga Amurka ta bazu. A 1969 wata doka da Sanata Edward Brooke ya gabatar ta ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25, sannan a 1981 aka ɗaga zuwa 30. Ƙa'idar ba ta ce komai ba game da yadda za ka isa wurin aiki. Don cike wannan giɓi ne wata cibiya a birnin Chicago, Center for Neighborhood Technology, ta fito da sabon ma'auni a 2006: a haɗa kuɗin gida da na sufuri, daga baya kuma ta ce kada su wuce kashi 45. Ku koma kan allonmu. Da tsohon ma'auni duk unguwannin biyu sun ci jarrabawa. Da sabon, ta tsallake ta faɗi.

Saura lokaci, wanda ni a ganina ya fi kuɗin muhimmanci.

[Hoto: agogo, da yaro yana barci a kujerar baya sanye da kayan makaranta]

Ƙarin minti 30 a tafiya, 30 a dawowa, awa ɗaya ke nan. Kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, awa 240. Idan ka raba da awa takwas na aiki, kwana 30 ne cur kana zaune a hanya, ba mai biyanka. A 1994 masanin nan ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya nuna cewa tun zamanin tafiyar ƙafa, kusan awa ɗaya a yini ɗan Adam ke ware wa kai-komo. Wanda ya ƙara wata awar a kai, daga wani wuri ya yanko ta: daga barci, ko daga duba aikin gidan yara, ko daga zumunci. Masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi bayanan mutanen Jamus, suka wallafa a 2008 cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi ƙarancin jin daɗin rayuwa, kuma babban gida ko ƙarin albashi bai rama musu ba.

Tsakar gidan nan mai faɗi da aka sa a hoto, yaushe za ka zauna a ciki idan kana fita da duhu kana dawowa da duhu? Wannan tambayar tana damuna ƙwarai, domin yara ba sa jiran a gama biyan bashi kafin su girma.

[Hotuna da sauri: makaranta, famfo, kwata, fitilar titi, motar shara]

Sauran abubuwan kun san su. Makaranta, asibiti mafi kusa, ruwa, wuta, tsaro. Ku dubi ƙasan katanga, idan ruwa ya taɓa kwanciya zai bar zane. Ku tambaya ko unguwannin biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya suke, don titi ɗaya yana iya raba haraji da kwashe shara da makarantar da yaro zai shiga. Kuma ku tambayi wanda ya shekara a layin, ba mai neman la'ada ba.

Gani ya kori ji. Kafin ku sa hannu a takarda, ku je ƙofar gidan ranar aiki, daidai lokacin da za ku riƙa fita, ku yi tafiyar har ƙofar ofis kuna duba agogo. Ku maimaita da yamma. Uwargida ma ta gwada tata hanyar, domin sau da yawa tafiyar maigida kaɗai ake lissafawa, alhali ita ce mai tsayawa wuri uku kafin ta iso gida.

[Hoto: mace tana aiki da kwamfuta a falo]

Kada wani ya ce na kushe tsallake. Idan daga gida kake aiki ta intanet, ko wurin aikinka yana wancan gefen, ko kana fita kafin cunkoso ya haɗu, kashi 24 ɗin nan zai iya saukowa zuwa 10, kuma a nan gidan mai ɗaki uku ya yi nasara da tazara. Maƙwabta biyu za su iya zama a layi ɗaya, lissafin ya fitar da ɗaya ya kayar da ɗaya. Idan har yanzu kuna shakka, ku kama haya ta shekara guda tukuna, ku ga damina ɗaya a wurin, kafin a fara maganar saye.